Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar NADDC: a ina za a kafa tashoshin cajin mota a hanyar Abuja zuwa Kano?

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, NADDC,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku. Sana'ata haɗa sola da wayarin gidaje da masana'antu, mazaunina Zariya, kuma neman abinci ya sa hanyar Abuja zuwa Kano ta zame mini hanyar kullum. Na rubuto ne a kan magana ɗaya, wato wuraren da ya dace a kafa tashoshin cajin motocin lantarki a wannan hanya idan lokacin ya zo. Na bar wasiƙar a buɗe saboda ba ku kaɗai ta shafa ba. Akwai Ma'aikatar Ayyuka da hanyar ke hannunta, akwai TCN mai manyan layukan wuta, akwai kamfanonin raba wuta, ga kuma gwamnonin Neja da Kaduna da Kano da Ministan Abuja, waɗanda Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa wa filaye. Amma ku ne kuka fara taɓa wannan aiki a ƙasar nan, shi ya sa na fara da ƙofarku.

A 2021, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabancin hukumar, kun buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, aka kuma yi irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. A wancan lokaci motar lantarki abin kallo ce, Hyundai Kona ɗin da aka harhaɗa a Legas ake ta zagayawa da ita wuraren taro. Sanya tasha a cikin jami'a ya yi daidai da zamanin, tunda gwaji ake yi, so ake ɗalibai su gani su taɓa. Yanzu lissafi ya sauya. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai ga haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Oktoban 2024 gwamnati ta ɗauke wa motocin lantarki harajin VAT. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya nuna cewa ana iya fidda injin ƙaramar bas a sa mata batir ta ci gaba da jigilar fasinja, gwamnatin Borno ma ta zuba tasi masu lantarki. Sai dai duk wannan a cikin gari yake. Wanda ya sayi motar lantarki a Kano, in Abuja za shi, galibi ajiye ta yake yi ya nemi ta fetur.

Ba na tsoron a ƙi yin tashoshin. Za a yi su, tunda akwai kuɗi a ciki, akwai kuma suna. Tsorona a yi su inda ba za su yi amfani ba. Kowa ya san yadda ake zaɓa wa aikin gwamnati mazauni a ƙasar nan: garin wane, mazaɓar wane, ko filin da rumfuna za su zauna da kyau ranar yanke ƙyalle. Tashar caji kuwa in aka kuskure mata wuri shi ke nan, taransifoma da kebul da kankare ba a tuge su a matsa gaba. Akwai kuma wani kuskuren da ya fi wannan wuyar ganewa saboda a rigar ilimi yake zuwa. Ƙwararre zai buɗe taswira a kwamfuta, ya auna tazara daidai wa daida, ya ɗiga alama duk bayan kilomita kaza, ya ce ai haka ake yi a Turai.

Gaskiya ne, haka ake yi a can. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta ce a manyan hanyoyinsu, kafin ƙarshen 2025, kada tazarar tasha da tasha ta wuce kilomita 60, kuma kowace tasha ta iya ba da aƙalla kilowat 400 a jimlace. Amurka, a dokarta ta manyan ayyuka ta 2021, ta ware dala biliyan 5 domin wannan, da sharaɗin farko cewa a samu tasha duk mil 50, wato kusan kilomita 80, kada ta yi nisan fiye da mil ɗaya daga babbar hanya, kuma ta kasance da bakin caji huɗu, kowane kilowat 150. To amma waɗannan alƙaluma iyakar nisa suke faɗa, ba su ce a dasa tasha a tsakiyar daji don awo ya faɗo nan ba. Tashar farko da aka buɗe da kuɗin shirin na Amurka, a jihar Ohayo cikin Disamban 2023, a harabar wani wurin hutun direbobin manyan motoci aka sa ta, inda dama akwai abinci da bayi da fitilu da jama'a dare da rana. Ku duba kuma, shekara biyu cur aka ɗauka tsakanin sa hannu a kan doka da buɗe tasha ta farko, a ƙasar da ba ta san ɗaukewar wuta irin tamu ba. Neman fili da izini da jiran a jona wuta na cikin abin da ya ci lokacin.

Tamu hanyar, daga Zuba zuwa Kano, kusan kilomita 375 ce: wajen 165 zuwa Kaduna, 73 daga Kaduna zuwa Zariya, 137 daga Zariya zuwa Kano. In aka ɗauki ma'aunin kilomita 60 aka soma daga Zuba, alama ta biyu za ta faɗo ne tsakanin Katari da Kaduna, yankin da sunayen Rijana da Akilibu suka daɗe suna fitowa a labarai. Mutanen waɗannan garuruwa ba su da laifi, su ne ma suka fi kowa jin jiki a hannun masu garkuwa da mutane. Harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris ɗin 2022 ma a wannan shiyya ya auku. An samu sauƙi daga baya, muna roƙon Allah Ya ɗorar. Amma ku tare duk direban da kuka ga dama, ku tambaye shi ko zai kashe mota a wurin bayan magariba, da iyalinsa a ciki, ya zauna jiran batir na minti arba'in.

Wannan minti arba'in ɗin shi ne ya raba tashar caji da gidan mai, kuma shi ne masu tsara aiki daga ofis suka fi mancewa. Shan mai minti biyar ne, wani ko injin ba ya kashewa. Caja mai sauri kuwa, a yawancin motocin da ke kasuwa, tana ɗaukar rabin awa zuwa minti arba'in da biyar kafin ta ɗaga batir daga kashi 10 zuwa kashi 80. Daga 80 zuwa sama motar da kanta ke rage gudun cajin don kada batir ya lalace. In batir ya ɗau zafi ma haka take yi, kuma kun san yadda kwalta ke zama tsakanin Zariya da Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40. Sannan in bakin caji huɗu ne kai kuma ka zo na biyar, zamanka ya ninka.

Saboda haka zango za a gina, ba gidan mai ba. Fatake ba su taɓa yada zango inda babu ruwa da abinci da mutane ba, direbobin yau ma haka suke. Sun riga sun zaɓi wuraren tsayawarsu tun kafin wani ya yi tunanin motar lantarki, kuma ba su zaɓa a banza ba. Inda za ka ga motocin haya sun jeru da azahar, za ka tarar da masallaci da wurin alwala, da mai shinkafa da mai shayi da mai tsire, da mai faci da bakanike a kusa. Abin da galibi babu shi ne bayi mai tsafta, musamman na mata. Duk wanda ya taɓa tafiyar nan da mahaifiyarsa ko matarsa ya san yadda suke ƙin shan ruwa tun safe don gudun abin da zai biyo baya. In za a tilasta wa mutane zaman kusan awa guda, to bayi da inuwa da ruwa ba ƙari ba ne da za a yi in kuɗi ya ragu, suna cikin aikin tun daga zanen farko. Shawarata, kafin ku biya kowane kamfani kuɗin nazari, ku tura ma'aikatanku su zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin sufuri ta NARTO a tashoshin Unguwa Uku da Kawo da Zuba, su tambaye su inda motocinsu ke tsayawa da dalili. Sannan a sa mutane su ƙirga motocin da ke tsayawa a waɗannan wurare, da rana da dare. Aikin ba shi da tsada.

Sharaɗi na biyu shi ne wuta, kuma nan ne fagena, don haka ku yi haƙuri in ɗan tsawaita. Bakin caji huɗu masu kilowat 150 in suka kama aiki lokaci guda, kilowat 600 ke nan. Taransifoman da ake sa wa unguwa a garuruwanmu yawanci 300 ne ko 500 a ma'aunin kVA. Wato tasha guda ɗaya matsakaiciya tana iya jan abin da ya fi ƙarfin taransifoman da unguwa sukutum ke dogaro da shi. In aka jona ta a kan siririn layin da ke kai wa ƙauye wuta, ɗayan biyu ne: ko ƙauyen ya koma duhu duk sanda mota ta tsaya, ko caja ta riƙa katsewa saboda wuta ta yi ƙasa. Na farkon ya fi haɗari, domin mutanen da aka ƙwace wa wuta don motocin baƙi ba za su taɓa kallon tashar da idon rahama ba. Abin da ake bukata layin 33kV ne mai lafiya, da taransifoma na tashar ita kaɗai, kuma gwargwadon kusancinta da tashar rarraba wuta ta TCN, gwargwadon sauƙin kuɗi da ingancin wutar. Duk kilomita ɗaya da aka ƙara na sabon layi, kuɗi ne, kuma ƙarin turakun da iska za ta kayar ne ko ɓarayi su sare.

Ku kuma tuna cewa hanyar ɗaya ce amma kamfanonin wuta uku ta ratsa. Daga Zuba har iyakar Neja yankin AEDC ne, jihar Kaduna ta kamfanin Kaduna Electric ce, daga iyakar Kano zuwa cikin gari na KEDCO ne. Kowane da takardunsa, da yawan awowin da yake iya bayarwa. Tun da Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kula da kasuwar wutarsu, masu ruwa da tsaki sai ƙaruwa suke. In ba a zaunar da su a teburi ɗaya tun farko ba, za a wayi gari tashar Kano na aiki ta Kaduna na jiran mita, alhali matafiyi duka yake bukata. Tasha ɗaya in ta mutu a tsakiya, sauran ba su da amfani ga mai dogon zango.

Ko layin ya yi kyau, ba a dogara da shi kaɗai. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. A irin wannan rana mai motar fetur zai sha wahala amma zai isa, mai motar lantarki kuwa inda ya tsaya nan zai kwana. Dole kowace tasha ta samu sola da rumbun batir nata. A nan ma wuri ne ke magana. A yankinmu fanel mai kilowat ɗaya na ba da wajen yunit huɗu da rabi zuwa biyar a yini. Mota ɗaya da ta tsaya a hanya za ta sha wajen yunit 40. In motoci hamsin suka zo a rana, yunit 2,000 ke nan, wanda ke bukatar fanel na fiye da kilowat 400, shi kuma zai cinye filin da ya kusa hekta guda. Rufin rumfar da motoci ke fakawa ba zai ɗauki ko kusa da wannan ba, duk da cewa hoton rumfa mai fanel a sama shi ne ke burge mutane a takardar kwangila. Ke nan wurin da za a zaɓa sai yana da fili a bayansa, har da na faɗaɗawa nan gaba. Sai kuma ruwa, domin da hunturu ƙura ke lulluɓe fanel ta rage masa ƙarfi, in ba a wanke shi a kai a kai ba asara ce. Ba sabon abu ba ne a wurinmu: Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 tun 2019, an kuma buɗe mai megawat 10 a Kumbotso cikin Janairun 2023. Akwai waɗanda suka san abin da ƙura da zafi ke yi wa waɗannan kaya, a tambaye su.

In aka yi sakaci da wannan, ƙarshen abin janareto ne. Za a ga tashar cajin motar lantarki ga ƙaton injin dizal na hayaƙi a bayanta. Lita ɗaya ta dizal wajen yunit uku take bayarwa, don haka in lita na naira 1,000, kowane yunit ya haura naira 300 tun kafin a sa kuɗin gyara da riba. Ku kwatanta da wutar rukunin A, wato ta masu samun wuta mafi yawan awowi, wadda hukumar kula da lantarki ta NERC ta kai naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage. Mota mai cin yunit 18 a kilomita 100 na bukatar wajen yunit 70 daga Zuba zuwa Kano. A farashin rukunin A bai kai naira 16,000 ba. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 30, in lita na naira 900, naira 27,000 ke nan. Tsakanin waɗannan kuɗaɗe biyu ne mai tasha zai ci ribarsa, direba ma ya ga sauƙi. Da janareto ya shigo, ratar ta tafi. Kada kuma a kafa tasha bisa alƙawarin wutar da ba ta zo ba tukuna. Tashar wuta ta Kudenda a Kaduna, mai megawat 215, an ba da kwangilarta tun 2009, ta shafe fiye da shekara goma ba a ga wutarta ba.

Da waɗannan sharuɗɗa a hannu, ga yadda nake ganin hanyar. Kaduna da Zariya ba su bukatar gardama. Kaduna ce ya kamata ta samu tasha mafi girma, tunda nan ne mai fitowa daga Abuja batirinsa zai yi ƙasa, ga kuma babbar tashar TCN ta Mando. Amma a sa ta a kan hanyar da matafiya ke bi su kewaye gari, kada a cusa ta cikin tsakiyar Kaduna mutum ya ɓata awa guda a cunkoso kafin ya kai ga caja. Zariya kuwa mahaɗa ce. Daga nan ake ɗaukar hanyar Funtuwa zuwa Gusau da Sakkwato, don haka tashar da ke kusa da Kwangila ko Ɗan Magaji hanya biyu za ta yi wa aiki. Ba don garinmu ba ne na faɗa, taswira ce ta faɗa. Sai dai Kwangila a matse take, fili zai yi wuya, wataƙila sai an ɗan fita gefen gari.

Tsakanin Zariya da Kano, idona na kan Kwanar Ɗangora. Kusan rabin hanya take, daga nan hanyar Tudun Wada da Falgore ke ɓallewa zuwa Jos, ɗaya gefen kuma ta yi Kiru da Gwarzo, akwai tashar rarraba wuta ta TCN a yankin, akwai jama'a da masu abinci. Da wuya a samu wurin da ya haɗa waɗannan duka a wannan ɓangare. A bakin Kano kuma, wajen Na'ibawa, domin wanda ya iso da ragowar batir da wanda zai fita da asuba.

Ɓangaren Zuba zuwa Kaduna ne mai wahala, kuma nan ne nake roƙon a yi dogon tunani. Da yawa za su ce Tafa, tunda nan ne aka fi sanin tsayawar motoci. Ni ban yarda ba. Tafa ta tireloli da tankokin mai ce, sukan cike gefen hanya har su ci rabin kwalta. Ba na jin hankali zai yarda a ajiye rumbun batir da wuta mai ƙarfi a gefen jerin tankokin fetur. Abin da ya faru a mahaɗar Dikko cikin Janairun 2025, inda tankar mai ta fashe mutum fiye da tamanin suka rasu, Allah Ya jiƙansu, ya isa ya sa a yi nesa da irin waɗannan wurare. Gobarar batir ma ba irin wadda aka saba kashewa ba ce, tana da naci, takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Wannan dalili ne ya sa ban kawo Mararrabar Jos ba a ɗaya ɓangaren.

Jere ta fi Tafa a wurina, saboda wani abu da taswirar ofis ba ta cika nunawa ba. Direbobi da yawa masu shiga Abuja ba sa kaiwa Zuba, a Jere suke sauka su bi ta Bwari. Tashar da aka kafa a Tafa ko Sabon Wuse ba za ta taɓa ganinsu ba. Ta Jere kuwa za ta kama masu bin Bwari da masu miƙewa Zuba da masu fitowa daga Kagarko. Daga Jere zuwa Kaduna tafiya ce da motar da ta sha caji za ta yi ba fargaba. In ana son ƙarin kariya, a sa ƙaramar tasha ta ko-ta-kwana a Katari, a jikin ofishin 'yan sanda, ba a wajen gari ba. Sauran abin da ya rage shi ne TCN da Kaduna Electric su faɗi ƙarfin layin da ke Jere da abin da zai ci a inganta shi, a rubuce, kafin a sayi fili.

Akwai abin da ke hannun Ministan Ayyuka, kuma lokacinsa yanzu ne. Hanyar tagwaye ce, da shinge a tsakiya, wuraren juyawa kuma da nisa. In aka gina tasha a hannun masu zuwa Kano kaɗai, mai zuwa Abuja da batirinsa ya kusa ƙarewa ba zai yi tafiyar kilomita da yawa neman majuya ba. Wan-we zai bi, mun kuma san abin da wan-we ke jawowa a wannan hanya. Dokar Turai ma ta ce a samu tasha a kowane hannu na tafiya. Ko dai a yi tasha a hannu biyu, ko a sa ta dab da gadar sama ko majuya mai lafiya. Taransifoma ɗaya na iya ciyar da hannu biyun in an bi da kebul ta ƙarƙashin hanya. Tun 2018 ake aikin sake gina wannan hanya, kuma duk inda ba a kammala ba, binne bututun da kebul zai bi da fitar da hanyar shiga da fita abu ne mai arha. In aka bari sai an gama, sai dai a fasa sabon aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar bakin caja gajeriya ce amma tana iya kashe aikin. Motocinmu daga ko'ina suke zuwa. Sababbin da ake kawowa daga Sin da yawa bakinsu GB/T ne, na Turai CCS2, tokumbo daga Amurka CCS1 ko irin na Tesla, tsofaffin Nissan Leaf kuma CHAdeMO. Ku da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ku tsayar da wanda ƙasa za ta bi, ku sanar da masu shigo da motoci, amma kafin nan kowace tashar hanya ta samu aƙalla GB/T da CCS2. Biyan kuɗi ma kada a ɗaure shi da manhajar waya kaɗai, akwai wurare a hanyar nan da sabis ke ɓacewa. A bar POS da tiransifa da kuɗin hannu, da mutum mai rai a wurin.

Kuma a tuna da wanda ake yi wa aikin. Mai kuɗin da ya sayi motar lantarki don sha'awa yana da wata motar a gida, yana da kuɗin jirgi. Wanda tsadar fetur ta fi karyawa shi ne direban Sharon da homa da ke zirga-zirga kullum, da fasinjan da kuɗin mota ya ninka masa. Su ne za su sa tasha ta yi ciniki har ta riƙe kanta, in Allah Ya sa bas mai lantarki ta zo hannunsu. Don haka a auna filin fakin da tsawon bas, a bar wurin juyawa, a sa rumfar da fasinja goma sha takwas za su zauna. Masu abincin da ke wurin tun asali kada a kore su don a kawo wani kanti mai gilashi, a gina musu rumfuna a ciki da haya mai sauƙi. Amfanin wannan ya wuce tausayi. Kebul ɗin caja akwai jan ƙarfe a cikinsa, ko a Amurka ana yanke shi a sayar. Mai gadi ɗaya da tocila ba zai hana ba. Mai shayin da abincinsa ya dogara da tsayawar motoci, da matasan garin da aka koya wa wankin fanel da ƙananan gyare-gyare ana biyansu, sun fi shi sa ido.

Gyara kuwa a rubuta shi cikin kwangila da lamba. Amurka ta ce kowane bakin caji ya kasance yana aiki kashi 97 cikin ɗari na lokaci. Ku sa naku adadin, ko da bai kai haka ba a farko, ku riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai tasha ta yi shekara tana cika shi. Hukumar NEMSA, mai duba ingancin ayyukan lantarki, ta duba wayarin kafin a kunna. A tanadi kayan gyara a Kaduna, kada fanka ɗaya ta ƙone a jira wata uku kafin ta iso daga waje. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Bayero duk a kan wannan hanya, ba za a rasa waɗanda za a horar ba.

Roƙona na ƙarshe, ranka ya daɗe, kafin a ba da kwangila ko ɗaya, ku wallafa sunayen wuraren da kuka zaɓa, kowane da dalilinsa: yawan motocin da ke tsayawa, layin da zai ba shi wuta da awowinsa, girman fili da mai shi, da ofishin tsaro mafi kusa. A karanta a gidajen rediyon Kaduna da Kano da Hausa, a ba direbobi da mutanen garuruwan wata guda su yi magana. In sun ce Jere ba ta yi ba, a saurare su, sun fi ni sanin dare a hanyar.

Na gode da sauraro. Allah Ya taimake ku a kan aiki.

Naku,
Wani mai haɗa sola,
Zariya, Jihar Kaduna.